Gidan Gaban Ciyaman

Mijin yayata bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba, amma wannan bai hana shi sanin komai a kansa ba. Shekara ashirin ya yi yana jan motar haya, sannan aka ɗora shi shugaban lodi a tashar mota, shi ya sa kowa ke ce masa Ciyaman, har yayata idan ranta ya ɓaci. A tasharsa mota ba ta tashi sai ya ɗaga hannu. Idan ta tashi ya tuna wani abu, sau biyu zai daki jikinta, direba ya taka birki. To mutumin da ya saba da haka, wane abin hawa kuma zai ji wa tsoro?

Innarmu kuwa yanar ido ce ta rufe mata ido biyu. Tana gane duhu da haske, tana gane mutum idan ya yi magana, iyakarta ke nan. Wata shida muna jira kafin babban asibitin ido na birni ya ba ta rana: Talata, ƙarfe biyu, a zo da katin da likita ya buga wa hatimi. Sun faɗa mana ba ɓoye-ɓoye, in ba kati ba ganin likita, kuma wanda ya rasa ranarsa sai ya koma ƙarshen layi, wata shida ke nan kuma. Yayata malamar makaranta ce, ɗalibanta suna jarrabawa, don haka ni Auta aka ce in kai ta. Na gama shirina tsaf: jirgin ƙarfe bakwai, tafiyar awa biyar, mu sauka da sauran lokaci.

Sai Ciyaman ya ji.

"Auta ce za ta kai Inna birni? Wannan da ko titi za ta tsallaka sai ta yi addu'a sau uku? Ina raye?"

Yayata ta ce, "Don Allah ka bar su su tafi lafiya."

"Ai lafiyar nake nema musu. Inna ba za ta zauna cikin cunkoso ba. Taragon manya zan sa ta, inda kujera ke kwanciya, sanyi na busawa, ana kawo wa mutum shayi har inda yake."

Gaskiyar magana, akwai abin da ke cinsa. Shekara ashirin da biyu da auren yayata, Inna ba ta taɓa kiransa da wani abu ba sai "mai bakin nan". Ba ƙinsa take ba, ta dai auna shi ne tun ranar farko ta ajiye. Shi kuma abin yana masa ciwo, kullum neman ranar da za ta canza masa suna yake.

Kafin magariba duk layinmu an ji. Ya zauna a bencin Mai Aski, maƙwabcinmu kuma abokin musunsa, yana bayani da hannu biyu.

Mai Aski ya ce, "Wai ka taɓa shiga kuwa?"

"In shiga in ga me? Jirgi ai mota ce aka jona wa mota, aka cire mata sitiyari. Direbansa ma direba ne? Ba ya shan kwana, ba ya wuce kowa, ba ya kauce wa rami. Ko kai sai ka ja."

"In ya tafi ya bar ka fa?"

Ciyaman ya yi dariya har da dukan cinya. "Ni? Tunda uwata ta haife ni abin hawa bai taɓa barina ba. Ka rubuta ka ajiye."

Mai Aski ya ce ya ajiye.

Da safe ya zo cikin farar riga mai sitati, da sabuwar hula, takalmi na ƙyalli. Tikiti uku na taragon manya suna hannunsa, shi ya je ya yanko, ya hana kowa ko taɓawa. Ya ce in kawo ambulan ɗin katin asibiti. Na ce yana jakata, a nan zai zauna. Ya ce takarda mai muhimmanci ba ta zama a jakar mata, tsakanin hoda da tsinken kitso. Muka yi ta ja har Inna ta gaji.

Ta ce, "Ba shi. Amma miƙo min tukuna in tofa masa addu'a."

Ta sa ambulan ɗin a ƙarƙashin mayafinta, ta sunkuyar da kai ta daɗe tana motsa baki, sannan ta miƙa. Ciyaman ya sa a aljihun ƙirji, ya maƙale bakin aljihun da fil, ya daki wurin. Ya ce sai dai a ɗauke shi gaba ɗaya.

A tashar jirgi na lura kowa yana duba tikitinsa, ya duba lambar da ke jikin tarago, sannan ya shiga. Na ce, "Ciyaman, mutane fa lamba suke dubawa."

"Baƙi ne. Tikiti shaidar biya ce kawai, kujera ta wanda ya riga ce. Kuma a duk duniya wurin manya gidan gaba ne, kusa da direba. Biyo ni."

Muka bi shi, shi da akwatin Inna a ka da jaka biyu a kafaɗa, ni da Inna a hannu, har tarago na farko da ke manne da kan jirgi. Yana shiga ya jefa hularsa a kujera ɗaya, ya shimfiɗa hankici a ta biyu, ya cire takalmi ƙafa ɗaya ya ɗora a ta uku. Ya ce an kama.

Wata mata da goyo ta zo ta tsaya. "Malam, nan wurina ne, ga lambata."

"Baiwar Allah, kin riga hula zuwa ne?"

"Ina ruwana da hula?"

"To ki yi haƙuri, in kin dawo wata rana ki yi sammako. Ga wuri can, ya ma fi iska."

Matar ta dube shi, ta dubi Inna, ta ga tsohuwa ce ba ido, ta yi tsaki ta wuce. Sai ya ɗauka nasara ce. Nan ya tashi ya fara aikin da ya iya. Wani mai ƙiba ya ce masa ya koma ɗaya gefen don kada nauyi ya taru a hagu. Ya sauke akwatin wani daga kanta ya mayar tsakiya. Ya ƙirga kawuna da yatsa, ya leƙa ƙofa ya kwaɗa wa mutanen da ke waje kira, "Saura mutum biyu a tashi!" Da ƙarfe bakwai ya buga, jirgi ya motsa ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Ciyaman ya yi taga-taga ya faɗa kujera, sannan ya ɗaga hannu ya ce, "Yauwa, mu je."

Ni dai na duba taragon nan, ban ga manya ba. Kujeru a jere uku-uku, gwiwa na taɓa bayan ta gaba, fanka ɗaya tana juyi a sama. Ba laifi, wuri ne mai tsabta, amma ba abin da aka yi ta yi mana wa'azi a kai ba ne.

Ya ce, "Inna, kin ji laushin kujera? Ta manya ke nan."

Inna ta shafa. "Na ji. Ashe manyan nan suna da haƙuri."

"Bari in kwantar miki da ita."

Ya laluba gefe, ya laluba ƙasa, bai sami abin dannawa ba. Sai ya dafa ƙafa ya tura bayan kujerar da kafaɗa. Mutumin da ke baya ya yi ihu, "Kai malam, gwiwata!"

Ciyaman ya ce sabuwa ce, ba ta saki ba tukuna.

"Sanyin fa?" in ji Inna.

"Sai an hau babbar hanya ake kunnawa."

Can ya hango wani dattijo ya buɗe filas yana tsiyaya shayi. Ya ɗaga yatsu. "Mai shayi! Uku nan, ɗaya ba sukari."

Dattijon ya dube shi ta saman tabarau. "Da wa kake?"

"Da kai mana, ko ba aikinka ba ne?"

"Aikina koyar da lissafi ne, na kuma yi ritaya. Wannan matata ce ta dafa min."

Aka fashe da dariya a tarago. Amma akwai wata dariya da na sani, mai shiga hanci, tana fitowa daga bayan wata jarida. Jaridar ta sauka. Mai Aski ne.

"Kai! Me kake yi a nan?" in ji Ciyaman.

"Injin aski zan sayo a birni. Na ce bari in zo in ga yadda manya ke tafiya."

"Tikitin wane tarago ka yanka?"

"Na gama-gari mana, na talakawa irina."

Ciyaman ya girgiza kai cikin tausayi. Ya rage murya, irin ragewarsa da ake ji a ƙarshen tarago. "Maƙwabci, ka yi ɓatan kai. Nan na manya ne. Tun mai duba tikiti bai zo ya tsinka ka a gaban jama'a ba, lallaɓa ka koma baya. In kuma ya riske ka, ka yi shiru, zan sa baki."

"Allah ya bar zumunci," in ji Mai Aski, ya gyara zama.

Ba a jima ba mai duba tikiti ya iso, dogon mutum mai sanyin magana. Ya karɓi na Mai Aski, ya duba, ya mayar masa. Ciyaman ya ƙifta mini ido, wai albarkacinsa ne. Sannan ya zaro namu uku ya miƙa da yatsu biyu yana kallon taga.

Mutumin ya duba, ya sake dubawa. "Ranka ya daɗe, me kuke yi a nan?"

"Tafiya muke."

"Wannan na taragon manya ne."

"Na sani. Ni na yanka."

"To nan gama-gari ne. Naku tarago na goma ne, can ƙarshen jirgi."

"Ƙarshe? Baya? Wane irin tsari ne wannan? A sa manya a bayan mota, inda kaya ke zama?"

"Can ne ba ƙarar inji."

"Kira min direban."

"Yana tuƙi, ranka ya daɗe."

Mai Aski ya leƙo. "Ciyaman, ka yi shiru kawai, zan sa baki."

Wayyo, ranar na ga dariya. Matar nan mai goyo har da tafi. Dattijo mai filas ya cire tabarau yana share hawaye. Ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai, don duk wanda ya dube mu ya san tare muke.

Mai duba tikiti ya ce akwai hanya ta ciki, ƙofa zuwa ƙofa, a bi a hankali da tsohuwa. Ciyaman ya dubi akwati da jakunkuna, ya dubi siririyar hanyar, sai dabara ta zo masa. Na ga lokacin da ta zo.

"Auta, ke ki bi da Inna ta ciki. Ni in an tsaya a tasha ta gaba zan sauka da kaya, in bi ta waje in shiga ta ƙofarku. Ba gogayya da mutane."

Mai duba tikiti ya ce, "Minti biyu kawai ake tsayawa a can."

"Minti biyun direba? Ɗana, ni na san minti biyun direba. A cikinsa ake cin abinci a yi salla a duba taya."

"Ƙofofin da kansu suke rufewa."

"Za su buɗe da kansu."

Na ce, "To ba ni katin."

Ya dafe aljihu. "Kati na inda ya dace." Ya zaro wayarsa ya miƙo min. "Ungo wannan dai, an ce akwai wurin caji a can, ki jona min." Hularsa kuwa ya bar ta a kan kujera, wai ko da za a dawo.

Ni da Inna muka kama hanya. Tarago tara muka ratsa, jirgi na rangaji, ina ba mutane haƙuri, tana riƙe da kafaɗata. Da muka tura ƙofar ƙarshe sai sanyi ya dake mu. Kafet a ƙasa, kujeru biyu-biyu masu faɗi, shiru kamar ba mutane. Wata ma'aikaciya ta kama hannun Inna ta zaunar da ita kusa da taga, ta danna wani abu, kujera ta kwanta. Inna ta miƙe ƙafa ta yi ajiyar zuciya.

Ta ce, "To, wannan kam mai bakin nan bai yi ƙarya ba. Wurin ne kawai bai sani ba."

Ana kawo mana shayi jirgi ya tsaya a wata ƙaramar tasha. Na manna fuska a gilashi ina jiran in ga farar riga ta nufo mu. Na gan ta kuwa, can nesa, amma ba mu ta nufo ba. Gaba ta yi, wajen kan jirgi. Daga baya Mai Aski ya ba ni labari: Ciyaman cewa ya yi rashin ladabi ne direba ya shiga motar ɗan'uwansa bai gaishe shi ba. Ya je ya tsaya a ƙarƙashin tagar direban da akwati a ka, yana ɗaga murya, yana faɗa masa ya ji wata ƙara a injin, a duba mai, kuma a ɗan jira shi zai zaga baya. Direban, da gilashi a rufe, ya ɗaga masa hannu. Ciyaman ya ɗauka an amince.

Ya juyo yana tafiyar ƙasaita. Sai aka busa usur. Ƙofofi suka yi tsit suka rufe.

Jirgi ya fara ja a hankali. Da yake mu ne a ƙarshe, duk abin da ya faru a gabanmu ya ƙare. Ya daki jikin tarago na uku sau biyu, ya tsaya yana jiran birki. Ya daki na biyar sau huɗu. Kafin na bakwai ya fara gudu yana bin jirgin, akwati a ka, jakunkuna na dukan haƙarƙarinsa. Da namu ya iso daidai shi, ga fuskarsa ga tawa, gilashi kawai a tsakani. Bakinsa a buɗe yake, na karanta abin da yake faɗa: "Direba! Akwai mutum! Akwai mutum!" Takalmi ƙafa ɗaya ya fice ya gangara ƙarƙashin jirgi. Duk manyan taragon sun bar jaridu da wayoyinsu sun taso taga.

Inna ta ce, "Wane ne wannan yake dukan jirgin mutane?"

"Surukinki ne, Inna."

"Ya shigo?"

"An bar shi."

"Ikon Allah," in ji ta. Ta kurɓi shayi.

Sai a lokacin abin ya dawo min. Kati! Na zabura na zaro waya na kira shi, wayarsa ta yi ƙara a cinyata. Na ruga wajen ma'aikaciyar, ta ce jirgi ba ya komawa baya, na gaba kuma sai yamma. Na dawo na zauna na fashe da kuka, ba kunyar manya ba komai. Wata shida muna ƙirga kwanaki. Wata shida ina kallon Inna tana laluben bango kafin ta kai ƙofar ɗakinta, matar da a da take zura zare a allura ba ta ko runtse ido. Yanzu ga shi saboda gaisuwar direba an koma farko.

"Auta, kwantar da hankalinki, ai..."

"Inna, ba ki gane ba ne! Kar ki ce min komai!"

"To," in ji ta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ba a yi minti biyar ba ta fara minshari.

Da muka sauka Mai Aski ya same mu a bakin ƙofa da hular Ciyaman a hannu. Ya zo da niyyar tsiya, na gani a fuskarsa, amma da ya ga idona ya haɗiye. Ya ce injin aski ya jira, shi zai raka mu, ko roƙo ne a yi tare. Ya tsayar da tasi muka tafi.

Biyu saura kwata muna gaban teburin nas. Na fara jero bayani, yadda aka yi da yadda aka yi, ina haɗawa da rantsuwa. Nas ɗin ta saurara har na gama, ta ce ta tausaya, amma sakamakon gwajin duk a jikin katin yake, ba ta da abin da za ta kai wa likita. Mai Aski ya fara nasa roƙon. Sai na ji Inna tana taɓa ni.

"Matsa."

Ta kwance bakin zaninta, ta warware wani ƙulli, ta zaro kati mai hatimi ta ajiye a tebur.

Na ɗauki katin na juya shi. Na ce, "Inna! Tun yaushe?"

"Tun da na yi masa addu'a."

"Kika bar ni ina kuka awa huɗu?"

"Na buɗe baki kika ce kar in ce komai. Idona ne ya mutu, Auta, kaina yana nan. Shekara ashirin da biyu ina jin mutumin nan, sai in ba shi idona ya sa a aljihu?"

Likita ya gan ta, ya ce za a yi aikin ido ɗaya da safe, ɗayan kuma bayan ya warke. Aka ce mu jira a ba mu gado. Muna zaune a babban zauren jira, wajen ƙarfe biyar, mutane cike, sai muka ji hayaniya a ƙofa. Mai gadi yana cewa a tsaya, wata murya tana cewa ba za a tsaya ba.

Ciyaman ne. Farar rigar nan ta koma kalar ƙasa, hannunta ɗaya ya yage. Kai ba hula, ƙafa ɗaya ba takalmi, ya ɗaure ta da hankici. Warin albasa ya riga shi shigowa. Ashe da aka bar shi, da ƙafa ya taka har tashar motar garin, ya nemi gidan gaba, shugaban lodin can ya ce, "Baba, an kama, koma baya." Ya zauna awa biyu mota ba ta cika ba. Da ya ga rana na tafiya, ya fita titi ya tare babbar motar albasa ya hau saman buhuna. Amma akwatin Inna yana kansa, jakunkuna biyu suna kafaɗarsa, ko ɗaya bai yar ba.

Bai gan mu ba. Kai tsaye ya nufi teburin nas, yana haki, ya kasa cire fil, sai ya fizge aljihun gaba ɗaya.

"'Yata, don girman Allah. Tsohuwa ce, ƙarfe biyu aka ba ta. Ba laifinta ba ne, laifina ne, ni na tsaya surutu. Kar ku mayar da ita baya. In wani za a hukunta, ga ni. Ga katin."

Nas ta buɗe ambulan. Ta zaro wani ɗan kwali, an yanka shi daidai girman kati. Ta juya shi ta karanta.

"Baba, wannan ai kwalin sukari ne."

Zauren ya ɗauki dariya. Har masu bandeji a ido suna tambayar na kusa da su me ya faru, ana faɗa musu suna tayawa. Mai Aski ya zame daga benci ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Ciyaman ya karɓi kwalin yana juya shi, gaba da baya, ya leƙa cikin ambulan ya girgiza. Wallahi sai ya ba ni tausayi.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kawo min shi nan."

Na jawo shi. Ya durƙusa a gabanta, akwatin har yanzu a ka. Na faɗa masa an ga likita, aiki sai da safe. Ya sauke akwatin a hankali, ya rufe fuska da tafin hannu.

Inna ta miƙa hannu ta laluba kansa, ta shafo ƙura da ɓawon albasa. Ta gangaro kafaɗa ta ji inda igiyar jaka ta kwanta masa.

"Ina takalminka?"

"Jirgi ya tafi da shi, Inna."

"Ka ci abinci?"

"A'a."

"Duk saboda kwalin sukari." Ta dafa kansa. "Sannu, ɗana. Allah ya yi maka albarka. Auta, nemo wa yayanku abin da zai ci."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi Mai Aski. "Kun ji me ta ce?"

"Mun ji," in ji Mai Aski, yana ɗora masa hularsa.

Ya share ido da yagaggen hannun riga, ya gyara zaman hular. Kafin in dawo da abinci na tarar ya tara mutum biyar yana musu bayani cewa da gangan ya sauka, don ya gwada ko hanyar mota ta fi sauri, kuma da direban albasar ya bi shawararsa da ya riga jirgin isowa.

Ranar Asabar muka juyo gida. Inna da baƙin tabarau, ido ɗaya tangaran, tana ta kallon komai tana faɗin kalarsa. Tikiti uku a ƙulle a bakin zaninta. Muna shiga tasha Ciyaman ya ɗauki akwati, ƙafarsa ta fara karkata wajen kan jirgi.

Inna ta ɗaga tabarau ta dubi jikin taragon da ke gabanmu. "Wancan ɗaya da sifili ne ko?"

Na ce, "Goma ne, Inna."

Ta miƙa masa gefen mayafinta. "Riƙe nan, ɗana. Kar ka saki sai mun zauna."

Ya riƙe.